Yadda Za Ka Auna Hanyoyin Tiyatar Gyara Ƙafar Baka Idan Amosanin Gwiwa Ya Fara

Wani kawuna, manomi ne kuma yana saye da sayar da hatsi, ya yi shekara uku yana fama da gwiwarsa ta dama kafin ya yarda ya je asibiti. Idan ya tsaya ya haɗa idon sawunsa biyu, dunƙulen hannu yana shiga tsakanin gwiwoyinsa har da saura, kuma idan ka ɗaga takalminsa za ka ga gefen waje ya cinye alhali gefen ciki kamar sabo. Duk lokacin da aka tambaye shi inda yake jin ciwo, yatsa ɗaya yake ɗorawa a gefen gwiwar na ciki, wajen da ke fuskantar ɗaya ƙafar. Ranar da likita ya ce masa akwai aikin da ake yanka ƙashin ƙwauri a miƙe shi, sai ya gyara zama ya ce, “Likita, ƙashin da bai karye ba kuma za a karya shi da gangan?” Wannan tambaya ita ce take tsaya wa yawancin mutane a rai, kuma ba za a iya amsa ta ba sai an fahimci abin da baka take yi wa gwiwa.

Gwiwa tana da ɗakuna biyu da ke ɗaukar nauyin jiki, na ciki da na waje, kowanne an shimfiɗe shi da guringuntsi mai santsi. Ko a ƙafar da take miƙe sarai, ɗakin ciki ne yake ɗaukar kaso mafi yawa na nauyi yayin tafiya, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Idan ƙafa ta yi baka, layin nauyi yana ƙara karkata zuwa ciki, guringuntsin wajen ya riƙa cinyewa, cinyewar ta ƙara bakar, bakar kuma ta ƙara cinyewar. Tiyatar yanka ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyotomi, ba ta mayar da guringuntsin da ya tafi. Abin da take yi shi ne ta sauke wa ɗakin da ya gaji kaya, ta mayar da nauyin kan ɗakin waje wanda har yanzu yake da lafiya, domin ciwo ya ragu kuma a jinkirta sa gwiwar ƙarfe da shekaru masu yawa.

Fara da awo kafin maganar hanya

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya shiga tambayar wace hanya ce ta fi kyau tun ba a auna ƙafarsa ba. Hoton gwiwa da aka ɗauka kana kwance ba ya wadatarwa, domin gwiwar da ba a ɗora mata nauyi ba tana ɓoye matsewar da ke tsakanin ƙasusuwa. Ka nemi a ɗauki hoton kana tsaye, sannan a ɗauki dogon hoton da ya haɗa ƙafar gaba ɗaya tun daga kwatangwalo har idon sawu. Ba kowane wurin ɗaukar hoto ne yake da kayan yin wannan dogon hoto ba, saboda haka ya cancanci a yi tattaki zuwa babban asibiti, irin Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe tun 1959, ko ɗaya daga cikin asibitocin koyarwa.

A kan dogon hoton, likita zai ja layi daga tsakiyar kan ƙashin cinya zuwa tsakiyar idon sawu. A ƙafa miƙaƙƙiya layin yana ratsa kusan tsakiyar gwiwa, a ƙafar baka kuwa yana faɗawa ɗakin ciki, wani lokacin ma ya fita daga gwiwar baki ɗaya. Bayan haka zai auna kusurwar da saman ƙashin ƙwauri ya yi da gangar ƙashin, wadda a mai lafiya take tsakanin digiri 85 da 90, ya kuma auna takwararta a ƙasan ƙashin cinya. Amfanin wannan awo shi ne a gano inda lanƙwasar take zaune. Tana iya kasancewa a ƙashin ƙwauri, wanda shi ne ya fi yawa, ko a ƙashin cinya, ko a duka biyun, ko kuma ƙasusuwan su zama miƙaƙƙu amma cinyewar guringuntsi ce kaɗai ta sa gwiwar ta rusuna ciki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana kai wa ga aiki daban, kuma wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe fiye da komai a cikin rubutun nan.

A ƙasarmu akwai dalilin da ya sa wannan bambanci yake da nauyi. Mutane da dama sun taso da baka tun suna yara, sakamakon laushin ƙashi da ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci yake jawowa, wanda binciken da aka yi a Jos ya nuna yana cikin manyan dalilan lanƙwasar ƙafar yara a Najeriya. Wanda ya girma da irin wannan baka, lanƙwasarsa a cikin ƙashi take, sau da yawa tana da girma, kuma takan haɗa da murɗewa. Shi ba ɗaya yake da dattijon da ƙafarsa ta kasance miƙe har ya kai shekara 60 sannan ta fara karkata ba.

Sai kuma matakin amosanin. Likitoci suna amfani da ma'aunin Kellgren da Lawrence na 1957, wanda ya raba cutar daga mataki na 0 zuwa na 4. Yanka ƙashi ya fi dacewa da mai mataki na 2 ko na 3, wanda ciwonsa yake gefen ciki kaɗai, ɗakin waje yana da lafiya, gwiwar tana lanƙwasuwa aƙalla digiri 90 kuma tana miƙewa kusan sarai, shekarunsa galibi ba su wuce 60 zuwa 65 ba, kuma har yanzu yana aikin ƙarfi. Wanda amosaninsa irin mai kumbura gaɓɓai da yawa ne a lokaci guda, ko wanda ɗakunan biyu duk sun cinye, wannan aiki ba nasa ba ne.

Buɗe ƙashi daga ciki ko rufe shi daga waje

Waɗannan su ne hanyoyi biyu da za ka fi jin ana ambata, kuma manufarsu ɗaya ce, wato a karkatar da saman ƙashin ƙwauri har layin nauyi ya ɗan wuce tsakiyar gwiwa zuwa waje. Likitoci da yawa suna nufin wurin da wani likitan Japan mai suna Fujisawa ya bayyana a 1979, wajen kashi 62 cikin 100 na faɗin saman ƙashin idan an fara awo daga ciki, ko da yake a yau wasu suna tsayawa ƙasa da haka idan cinyewar ba ta yi nisa ba, don kada ƙafar ta koma gwame.

Hanyar rufewa daga waje ita ce tsohuwa. Likita Mark Coventry na asibitin Mayo da ke Amurka ne ya yaɗa ta daga 1965. Ana shiga ta gefen waje a yanko wani yanki na ƙashi mai siffar bakin gatari, a cire shi, a haɗa fuskokin biyu, a ɗaure da ƙarfe. Alherinta a fili yake, domin ƙashi yana kwance kan ƙashi, ba a bar rami ba, haɗewa takan zo da wuri kuma ba a buƙatar ciko. Wahalarta kuma tana gefen wajen ne. Akwai siririn ƙashin da ke rakiyar ƙashin ƙwauri ta waje, wanda dole a yanke shi ko a saki mahaɗarsa kafin babban ƙashin ya yarda ya rufu, kuma daidai wuyan wannan siririn ƙashi ne jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa take zagayawa. Idan ta taɓu, mutum yana iya samun dindiris a bayan ƙafa, ko ƙafar ta riƙa faɗuwa yana jan ta, yawanci na ɗan lokaci amma wani lokacin ya daɗe. Ƙafar kuma tana ɗan gajarcewa, sannan abin da aka riga aka yanke ba ya komawa, saboda haka idan awon ya zarce, gyaransa a kan teburin tiyata yana da wuya.

Hanyar buɗewa daga ciki ita ce ta fi yawa a duniya yanzu. Ana yanka ƙashin daga gefen ciki, a bar wajen santimita ɗaya a gefen waje ba a yanke ba, sannan a riƙa buɗe bakin a hankali kamar yadda ake buɗe littafi bangonsa yana riƙe. Likita yana iya buɗewa milimita bayan milimita yana duba na'urar haska ƙashi har layin ya zo inda ake so, kuma a ƙiyasi kowace milimita tana gyara kusan digiri ɗaya, gwargwadon faɗin ƙashin mutum. Ba a zuwa kusa da jijiyar nan, ba a kuma taɓa siririn ƙashin. Abin da ya ɗaga darajar wannan hanya shi ne zuwan farantin ƙarfe mai kusoshin da ke kullewa a jikinsa, irin TomoFix, a farkon shekarun 2000, wanda yake riƙe ramin da ƙarfi har sabon ƙashi ya cike shi.

Sai dai ramin shi ne kuma raunin hanyar. Yana ɗaukar kimanin wata uku kafin ya yi ƙwari, cikewarsa gaba ɗaya kuma takan kai shekara. Idan buɗewar ta wuce milimita 10 zuwa 12, likitoci da yawa suna ɗebo ƙashi daga ƙugun mutum ko su sa na roba mai narkewa su cike, kuma wajen da aka ɗebo yana da nasa ciwon. Ɗan maƙalin da aka bari a waje yana iya tsagewa, wanda in ya faru sai a tsawaita lokacin da ba a taka ƙafar. Idan ba a kula ba, gangaren saman ƙashin yana ƙaruwa zuwa baya, abin da ke ƙara wa jijiyar tsakiyar gwiwa ta gaba wahala, ƙoƙon gwiwa kuma yana ɗan sauka ƙasa. Farantin yana zaune ne a wurin da fata ba ta da tsoka, shi ya sa masu yawa suke jin yana gogar su, har a cire shi bayan shekara ɗaya ko ɗaya da rabi.

Idan aka duba sakamakon shekaru, gwaje-gwajen da aka kwatanta hanyoyin biyu ba su nuna wata tazara babba ba a wajen raguwar ciwo da ƙarfin tafiya. Bambancin yana cikin irin matsalar da kowacce take iya haifarwa, don haka ka auna su da jikinka. Mai shan taba, wanda ƙashinsa yake jinkirin haɗewa, rami ba ya yi masa kyau, kuma gaskiya mafi yawan likitoci za su ce ya daina tabar makonni kafin aikin ko wace hanya aka zaɓa. Wanda ƙafar da ke ciwon ta fi ɗayar tsawo, ko ƙoƙon gwiwarsa yana ƙasa tun asali, rufewa ta fi dacewa da shi. Wanda ƙafar ta fi gajarta, buɗewa za ta ƙara masa ɗan tsawo. A ra'ayina, ga baka matsakaiciya wadda ba ta wuce digiri 10 zuwa 12 ba, buɗewa daga ciki da faranti mai kullewa ita ce ta fi sauƙin daidaitawa, amma likitan da ya ƙware a rufewa kuma yana yin ta a kai a kai ya fi wanda zai gwada buɗewa a kanka karo na biyu a rayuwarsa.

Idan bakar ta yi yawa

Lanƙwasar da ta haura digiri 15, ko ta haɗa da murɗewa ko bambancin tsawo, tana wuce abin da faranti ɗaya zai gyara lafiya. A nan ake komawa ga hanyar da likitan Rasha Gavriil Ilizarov ya ɓullo da ita a garin Kurgan tun shekarun 1950. Ana yanka ƙashin ta ƙaramar ƙofa, a kafa ƙarafa masu zobe a waje waɗanda wayoyi da kusoshi suke haɗa su da ƙashin, a jira kamar mako ɗaya, sannan mara lafiya da kansa ya riƙa murɗa noti kullum, milimita ɗaya a rana a raba ta kashi huɗu. Sabon ƙashi yana tsirowa a cikin tazarar yayin da ƙafar take miƙewa. Babu hanyar da ta kai ta daidaito, domin ana iya ɗaukar hoto kana tsaye a ƙara ko a rage har a dace, kuma babu ƙarfen da zai saura a jiki.

Kuɗinta kuwa haƙuri ne. Za ka yi wata uku zuwa huɗu ko fiye da ƙarfe a ƙafa, wando ba ya shiga sai an farke shi, barci yana wahala, kuma bakin kusoshin yana yawan yin ruwa da kumburi idan ba a wanke shi kullum. Mutumin da ke zaune nesa da asibiti, a wurin da ƙura take da yawa kuma ruwa mai tsabta yake da wuya, ya kamata ya yi wa kansa adalci kafin ya karɓi wannan hanya. Akwai kuma yankan da ake yi a zagaye kamar bakin ƙwarya, wanda likitan Beljiyam Paul Maquet ya shahara da shi, inda ake juya ƙashin a cikin yankan ba tare da an cire ko an buɗe komai ba, amma masu yin sa ba su da yawa.

Idan awo ya nuna lanƙwasar a ƙashin cinya take, a can ya kamata a gyara ta. Gyara ƙwauri alhali laifin na cinya ne yana miƙe ƙafar a ido, amma yana barin shimfiɗar gwiwar a karkace, ƙashin cinya ya riƙa zamewa a kai. Shi ya sa a baka mai tsanani wani lokacin ake yanka ƙasusuwan biyu a aiki ɗaya.

Inda rabin gwiwar ƙarfe take shigowa

Idan guringuntsin ciki ya ƙare har ƙashi yana gogar ƙashi, kuma ƙasusuwan kansu miƙaƙƙu ne, abin da ake kwatantawa da yanka ƙashi shi ne sauya ɗakin ciki kaɗai da ƙarfe da roba, kamar samfurin Oxford na Ingila wanda aka fara amfani da shi ta wannan fuska a 1982. Mutum yana taka ƙafar tun rana ta farko ko ta biyu, kuma murmurewa ta fi sauri nesa ba kusa ba. Amma tana gyara bakar da cinyewa ta haifar ne kawai, ba ta miƙe ƙashin da ya lanƙwashe, tana kuma buƙatar jijiyar tsakiyar gwiwa ta gaba ta kasance lafiya. Ƙididdigar da ake tarawa a Ingila ta nuna ana sake buɗe ta fiye da yadda ake sake buɗe cikakkiyar gwiwar ƙarfe. Ga mai shekara 45 da ke huɗa da garma ko ɗaukar buhu, roba mai cinyewa ba abokiyar tafiya ba ce. Ga mai shekara 65 da aikinsa zama ne a shago, tana iya fin yanka ƙashi sauƙi.

Za ka kuma iya jin ana tallar wasu ayyuka biyu masu araha. Na farko shi ne cire ɗan guntu daga siririn ƙashin waje kaɗai, wanda likitocin Sin suka yaɗa a shekarun baya-bayan nan. Wasu suna samun sauƙin ciwo, amma ba ya miƙe ƙafar yadda ya kamata, hujjojinsa na gajeren lokaci ne, kuma jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa tana kusa da wurin yankan. Na biyu shi ne wanke gwiwa ta hanyar zura na'ura mai kyamara, wanda wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna bai fi tiyatar da aka yi ta gangan ba tare da an wanke komai ba amfani ga masu amosani.

Abin da za ka kai gaban likita

Ka gaya wa likita irin rayuwar da gwiwar za ta koma, dalla-dalla. Mu mutane ne masu sujada da zaman tahiya sau biyar a rana, masu zama a tabarma, kuma bayan gida da yawa na tsuguno ne. Yanka ƙashi yana barin gwiwarka ta asali, saboda haka yawanci lanƙwasuwar da ka shiga da ita ita za ka fita da ita, alhali cikakkiyar gwiwar ƙarfe ba kasafai take barin mutum ya zauna a kan dugadugansa ba. Kawuna a kan wannan ne ya yanke shawara, domin da aka yi masa bayanin komai, tambayar da ya maimaita ita ce ko zai koma sahu ya yi salla ba a kan kujera ba.

Ka roƙi likita ya nuna maka layin a kan hotonka, ya faɗa maka digiri nawa zai gyara da kuma a wane ƙashi. Ka tambaye shi sau nawa yake yin wannan aiki a shekara, wane irin faranti zai sa, ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da gashin ƙashi da kuma cire ƙarfen daga baya. Ka bayyana masa idan kana da ciwon suga, hawan jini ko sikila, da duk magungunan kashe ciwon da ka daɗe kana sha, domin irin su diclofenac da ibuprofen suna taɓa ƙoda da ciki, kuma a gwada ƙodar kafin aiki. Idan an taɓa yi maka allura a cikin gwiwar kwanan nan, ko tsaga, ko ɗori, kada ka ɓoye. Rage ƙiba kafin aiki yana da amfani na zahiri, tunda kowane kilo ɗaya da ya sauka yana rage wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku.

Ka kuma tsara lokaci. Bayan yanka ƙashi da faranti, mutum yakan yi mako biyu zuwa shida da sandunan dogarawa yana taka ƙafar kaɗan-kaɗan, tafiya sosai takan dawo wajen wata uku, aikin ƙarfi kuma wata huɗu zuwa shida. Manomi ya fi kyau ya yi aikin bayan an gama girbi, domin ya samu ranin gaba ɗaya kafin damina ta faɗi. Kumburin ƙwauri mai zafi, zazzaɓi, ruwa daga wajen ɗinki, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi alamu ne da ake komawa asibiti a ranar, ba a kai wa mai ɗori ya murza. Mafi yawan waɗanda aka zaɓa daidai kuma aka gyara daidai suna wuce shekara 10 da gwiwarsu ta asali, kuma idan ɗakin waje ya gaji daga baya, ana iya cire farantin a sa gwiwar ƙarfe, don haka ka adana hotunanka na kafin aiki da na bayansa tare da takardar da ke ɗauke da sunan farantin, saboda likitan da zai cire shi yana buƙatar sanin irin makullin kusoshinsa.